Tambayoyi da Amsoshi a kan Lissafin Karo da Dokar Dawwamar Momentom

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi fitowa daga bakin ɗaliban fiziks na babbar sakandare, da masu shirin WAEC da NECO da JAMB, da 'yan shekarar farko a jami'a, duk lokacin da aka iso babin momentom. Fomula ɗaya ce tak ke riƙe da babin, amma maki na zubewa a cikinsa ba kaɗan ba. Dalili kuwa, ɗalibi yakan yi gaggawar zuba lambobi tun bai yanke abu biyu ba: su wa da wa ke cikin lissafin, kuma wace alkibla ya ɗauka a matsayin gaba.

Mene ne momentom, kuma me dokar ta ce?

Momentom shi ne mas ɗin abu sau gudunsa, wato p = mv. Mas, wato yawan abin da ke jikin abu, da kilogiram ake auna shi, gudu da mita a daƙiƙa, saboda haka ma'aunin momentom shi ne kg m/s. Yana da alkibla: in abu ya nufi gabas, momentom ɗinsa ma gabas ya nufa.

Dokar ta ce, in ka ware wasu abubuwa a matsayin rukuni guda, kuma babu wani ƙarfi daga waje da ya yi rinjaye a kansu, to jimillar momentom ɗinsu ba ta ƙaruwa ba ta raguwa, ko da sun yi karo, ko sun manne, ko sun tarwatse. Ga abubuwa biyu, haka ake rubutawa:

m₁u₁ + m₂u₂ = m₁v₁ + m₂v₂

Harafin u gudu ne kafin karo, v kuma gudu bayan karo. A lura, jimilla ce ke dawwama. Momentom ɗin kowane ɗaya yana iya canjawa sosai, sai dai abin da wannan ya rasa, shi ne daidai abin da wancan ya samu.

Haddace ta kawai zan yi, ko akwai dalilin da ya sa take aiki?

Akwai dalili, kuma layi biyu ne. Doka ta uku ta Newton ta ce in A ya tura B da wani ƙarfi, B ma yana tura A da ƙarfi daidai wannan, ta alkiblar da ke kishiya. Tsawon lokacin da suka yi suna taɓa juna kuwa ɗaya ne ga su biyun. Ƙarfi sau lokaci shi ne canjin momentom, Ft = mv − mu. Tunda ƙarfin ɗaya ne, lokacin ma ɗaya ne, alkiblar ce kaɗai ta saɓa, in ka haɗa canjin A da na B sifili za ka samu.

Manyan masana ma sun sha fama kafin a kai ga wannan. A 1644 René Descartes na Faransa ya ce yawan motsin da ke duniya ba ya canjawa, amma ya lissafa shi ba tare da alkibla ba, shi ya sa yawancin ƙa'idojin karo da ya kawo ba su yi daidai ba. Tsakanin 1668 da 1669 John Wallis da Christopher Wren da Christiaan Huygens suka miƙa wa ƙungiyar masana ta Royal Society da ke Landan gyararrun ƙa'idoji, sannan Isaac Newton ya ɗora komai a kan dokokinsa uku a 1687. Kuskuren Descartes shi ne wanda har gobe ake gani a takardun jarrabawa.

Malam, in na ga tambaya, ta ina zan fara?

Da zane. Ba wani zane na gwaninta ba, akwatuna biyu sun isa. Raba takardarka biyu, ka rubuta "kafin" a hagu, "bayan" a dama. A kan kowane akwati sa mas ɗinsa, ka ja kibiya mai nuna inda ya nufa, ka rubuta gudunsa. A can sama ja wata kibiya babba ka sa mata alamar +, ita ce alkiblar da ka zaɓa. Sai bayan nan ka taɓa fomula.

Ga misali. Mota mai kilogiram 1,200 tana gudun mita 15 a daƙiƙa, ta daki wata mai kilogiram 800 da ke tsaye, suka sarƙe suka tafi tare. Kafin karo: 1,200 × 15 + 800 × 0 = 18,000. Bayan karo sun zama abu ɗaya mai kilogiram 2,000, wato 2,000v. Ke nan 2,000v = 18,000, v = mita 9 a daƙiƙa, ta inda motar farko ta nufa. Rubuta alkiblar a amsarka, domin tana cikin amsar.

Yaushe ake sa alamar ɗebewa?

Duk abin da ya nufi kishiyar kibiyarka babba, gudunsa yana ɗaukar alamar −. Nan ne aka fi zubar da maki, don haka bari mu ɗan daɗe.

Babbar mota mai kilogiram 8,000 ta nufi gabas da mita 10 a daƙiƙa. Ƙaramar mota mai kilogiram 1,000 ta taho yamma da mita 20 a daƙiƙa. Suka yi gaba da gaba, suka manne. Mu ɗauki gabas a matsayin +. Momentom ɗin babbar 80,000 ne, na ƙaramar −20,000, jimilla 60,000. Raba da kilogiram 9,000, ka samu mita 6.7 a daƙiƙa zuwa gabas.

Yanzu dubi abin da ke faruwa ga wanda ya manta alamar. Zai haɗa 80,000 da 20,000 ya samu 100,000, ya raba ya samu mita 11.1 a daƙiƙa. Wato babbar motar da ke tafiya a kan 10, an dake ta ta gaba, sai gudunta ya ƙaru. Hankali ba zai ɗauka ba. Da ɗalibin ya tsaya ya kalli amsarsa da idon wanda ya taɓa ganin hanya, da ya kama kansa.

Abin da ba ka san inda zai nufa ba bayan karo, kada ka yi masa hasashen alama. Rubuta shi v kawai. In amsa ta fito da −, lissafin ne ke gaya maka cewa baya ya koma. Kuma in da yamma ka zaɓa a matsayin +, da −6.7 za ka samu, wanda shi ma gabas yake nufi. Zaɓin naka ne, sharaɗin kawai kada ka sauya shi a tsakiyar aiki.

An ce sai babu ƙarfi daga waje. To ai kullum akwai gogayya da jan ƙasa, ta yaya dokar za ta yi aiki?

Tambaya ce mai kyau, kuma ya kamata a riƙa yinta. Amsar kashi biyu ce. Na farko, a kan shimfiɗaɗɗen titi, jan ƙasa na jan mota ƙasa, titi na tura ta sama da ƙarfi daidai, sun kashe juna. Na biyu, karo abu ne na ƙiftawar ido, sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin goma na daƙiƙa ba, kuma ƙarfin da motocin ke yi wa juna a wannan ɗan lokaci ya ninka gogayyar taya da kwalta sau da yawa. Abin da gogayya za ta iya ragewa a cikinsa ƙalilan ne, sai a ƙyale shi.

Amma wannan rangwame na lokacin karon ne kaɗai. Mita 9 a daƙiƙa da muka samu ɗazu gudu ne na daidai lokacin da karo ya ƙare. Daga nan motocin za su ja taya har su tsaya, kuma wannan tsayawar aikin gogayya ne. In tambaya ta ce ka nemo nisan da suka ja kafin su tsaya, ka shiga mataki na biyu, dokar momentom ta gama nata.

Ƙwallo ta daki bango ta dawo. Momentom ɗinta ya juya gaba ɗaya. Ba a karya dokar ba?

Ba a karya ba, rukunin ne ka zaɓa bai cika ba. In ƙwallon kaɗai ka ɗauka, bango ƙarfi ne daga waje, don haka dokar ba ta yi maka alkawarin komai ba. In ka haɗa da bangon da Duniyar da yake kafe a kai, jimillar tana nan daram. Duniya ce ta karɓi abin da ƙwallon ta rasa, sai dai mas ɗinta ya kai kusan kilogiram 6 × 10²⁴, saboda haka motsin da ta yi ba abin da za a iya aunawa ba ne.

Irin wannan tambaya canjin momentom take nema. Ƙwallo mai kilogiram 0.4 ta zo da mita 15 a daƙiƙa, ta koma da 10. Canjin gudu 25 ne, ba 5 ba, domin sai da aka tsayar da ita sannan aka mayar da ita. Canjin momentom 0.4 × 25 = 10 kg m/s. In taɓawar ta ɗauki daƙiƙa 0.01, matsakaicin ƙarfin niyuton 1,000 ne (niyuton shi ne ma'aunin ƙarfi).

Tunda momentom na dawwama, makamashin motsi ma yana dawwama ke nan?

A'a, kuma wannan ruɗani shi ne na biyu wajen cin maki. Koma ga motocin farko. Makamashin motsi ½mv² ne, kuma da jul ake auna shi. Kafin karo, ½ × 1,200 × 15² = jul 135,000. Bayan karo, ½ × 2,000 × 9² = jul 81,000. Jul 54,000 sun bar motsi, sun tafi wajen lanƙwasa ƙarfe, da zafi, da ƙara. Ba su ɓace daga duniya ba, kama suka sauya. Momentom kuwa 18,000 ne kafin, 18,000 ne bayan, domin shi ba shi da wata kama da zai koma.

Yaya zan gane irin karon daga yadda aka rubuta tambaya?

In an ce sun manne, ko sun tafi tare, ko harsashi ya maƙale a cikin katako, gudunsu ɗaya ne bayan karo, kuma a nan ne aka fi asarar makamashin motsi. In an ce karon ilastik ne, makamashin motsi bai ragu ba. In ba a ce komai ba, kada ka ɗauka ilastik ne don kawai abubuwan sun rabu. Yi aiki da momentom, in an tambaye ka irin karon sai ka lissafa makamashi kafin da bayan ka kwatanta.

A karon ilastik ana ba ni gudu biyu da ban sani ba. Dole sai na shiga lissafin mai ninki biyu?

Ba dole ba ne. In ka haɗa ƙa'idar momentom da ta makamashi, ga abin da ke fitowa a karon ilastik na kan layi ɗaya: saurin da suke kusantar juna kafin karo daidai yake da saurin da suke rabuwa bayansa.

u₁ − u₂ = v₂ − v₁

Ƙwallo mai kilogiram 2 tana gudun mita 6 a daƙiƙa, ta daki mai kilogiram 1 da ke tsaye. Momentom ya ba mu 12 = 2v₁ + v₂. Ƙa'idar rabuwa ta ba mu 6 = v₂ − v₁, wato v₂ = v₁ + 6. Zuba shi a ta farko: 12 = 3v₁ + 6, v₁ = 2, v₂ = 8. Gwada da makamashi: jul 36 kafin, 4 da 32 bayan. Ya cika.

In mas ɗinsu ɗaya ne, musayar gudu kawai suke yi. Mai buga sinuka ya san wannan da hannunsa: in farar ƙwallo ta daki wata a tsakiyarta cif, ba tare da tana juyi ba, farar takan tsaya cak, ɗayar ta ɗauki tafiyar.

Bindiga da harsashi ba karo suka yi ba. Me ya kawo su babin?

Dokar ba ta damu da karo ko rabuwa ba, ita dai ƙarfin ya zama na cikin rukuni. Kafin harbi komai a tsaye yake, jimilla sifili, don haka bayan harbi ma sifili. Bindiga mai kilogiram 4 ta fitar da harsashi mai giram 10 da mita 400 a daƙiƙa: 0 = 0.01 × 400 + 4v, v = −1. Bindigar ta ja baya da mita 1 a daƙiƙa. Girman momentom ɗinsu ɗaya, amma harsashi ya tafi da jul 800, bindiga da jul 2 kacal. Roka ma haka take tafiya a sararin da babu iska: tana watsa iskar gas baya, ita kuma tana samun momentom gaba.

Akwai tarko a wannan sashe da ya cancanci a nuna shi. Mutum mai kilogiram 60 ya yi tsalle daga kwale-kwale mai kilogiram 120 da mita 3 a daƙiƙa. In an auna wannan 3 daga gaɓar ruwa ne, 60 × 3 = 120v, kwale-kwalen ya koma baya da mita 1.5 a daƙiƙa. In kuwa tambayar ta ce 3 ɗin gudunsa ne idan aka kwatanta da kwale-kwalen, to wanda ke gaɓa zai ga mutumin yana tafiya da 3 − v. Sai ya zama 60(3 − v) = 120v, v = 1, mutumin kuma mita 2 a daƙiƙa. Duk gudun da zai shiga fomula, daga wuri ɗaya za a auna shi.

Harsashi ya shige katakon da ke rataye, katakon ya yi lilo sama. Wace doka zan ɗauka?

Duka biyu, amma kowacce a zangonta. Wannan na'ura Benjamin Robins na Ingila ne ya bayyana ta a 1742 don auna gudun harsashi, a zamanin da babu agogon da zai iya kama shi.

Harsashi mai kilogiram 0.02, katako mai kilogiram 1.98, sun tashi tsawon mita 0.2, wato h, mu ɗauki g = 10, g kuwa shi ne yawan gudun da jan ƙasa ke ƙara wa abu mai faɗowa a kowace daƙiƙa. Fara daga ƙarshe. A zangon lilo makamashi ke aiki: ½v² = gh, v² = 4, v = mita 2 a daƙiƙa. A zangon karo momentom ke aiki: 0.02u = 2 × 2, u = mita 200 a daƙiƙa.

Wanda ya tsallake zangon karo ya ce makamashin harsashi ne duka ya ɗaga katakon, mita 20 zai samu, ƙasa da gaskiya sau goma. Harsashin ya zo da jul 400, amma jul 4 kaɗai suka rage a motsi bayan ya shige. Sauran sun tafi wajen huda katako da zafi.

In karon a mahaɗar hanya ne, ɗaya daga yamma ɗaya daga kudu fa?

Sai ka yi lissafi biyu, na gabas da yamma daban, na arewa da kudu daban, domin dokar tana aiki a kowanne shi kaɗai. Mota mai kilogiram 1,500 ta nufi gabas da mita 8 a daƙiƙa, momentom 12,000 gabas. Wata mai kilogiram 1,000 ta nufi arewa da 16, momentom 16,000 arewa. Suka manne. Ba za ka ce 28,000 ba. Ƙa'idar Pythagoras za ka ɗauko: tushen 12,000² + 16,000² shi ne 20,000. Raba da kilogiram 2,500, mita 8 a daƙiƙa. Kusurwa kuwa, tan θ = 16,000 ÷ 12,000, kimanin digiri 53 daga gabas zuwa arewa.

Malam, in da gaske ƙarfin ɗaya ne, me ya sa ƙaramar mota ce ke ragargajewa?

Koma ga karon gaba da gaba na ɗazu. Babbar motar ta sauko daga 10 zuwa 6.7, canjin gudunta 3.3 ne. Ƙaramar ta tashi daga −20 ta koma +6.7, canjin gudunta 26.7 ne, ninki takwas, a cikin lokaci ɗaya. Canjin momentom ɗinsu daidai yake, kusan 26,700 kowacce, amma jikin fasinja canjin gudun motar da yake ciki yake ji.

Wannan sashe ina so kowane ɗalibi ya fita da shi daga aji. Mutum mai kilogiram 70 a motar da ke gudun kilomita 72 a awa, wato mita 20 a daƙiƙa, yana ɗauke da momentom 1,400, kuma in mota ta tsaya dole wani abu ya cire masa shi. In gilashin gaba ne ya tsayar da shi cikin daƙiƙa 0.02, ƙarfin niyuton 70,000 ne. In bel ne ya riƙe shi ya tsaya tare da motar cikin daƙiƙa 0.2, ƙarfin ya sauko 7,000. Aikin bel da jakar iska da soson da ke cikin hular kwano ke nan, su tsawaita lokacin tsayawa.

Waɗanne ƙananan kurakurai ne zan kiyaye?

Giram a mayar da shi kilogiram, a raba da 1,000. Kilomita a awa a mayar da shi mita a daƙiƙa, a raba da 3.6. In an ba ka nauyi da niyuton, raba da g kafin ka sa shi a gurbin m. In abubuwa sun manne, haɗa mas ɗinsu duka, har da na harsashin komai ƙanƙantarsa.

Yaya zan tabbatar amsata daidai ce kafin in miƙa takarda?

Mayar da amsar cikin fomula ka ga ko hagu da dama sun yi daidai. Sannan lissafa makamashin motsi: a karo ba zai fi na farko ba, sai in akwai abin da ya fashe ko wani sifirin da ya saki. In sun manne, gudun ƙarshe dole ya faɗa tsakanin gudu biyun farko, tare da alamominsu. Kuma abin da ke baya ba zai fi na gabansa gudu ba bayan karo, in ba haka ba ratsa shi ya yi.

Bayan jarrabawa, akwai mai amfani da wannan lissafi?

Masu binciken haɗarin mota da shi suke komawa baya: daga tsawon sawun taya su gano gudun bayan karo, daga nan momentom ya kai su ga gudun da kowace mota ta zo da shi.

A 1932, a Cambridge, James Chadwick yana binciken wani haske da ke fita daga sinadarin beriliyom wanda ba ya ɗauke da caji. Ya auna gudun da ƙwayoyin haidurojin da na naiturojin ke fita da shi in hasken ya dake su, ya sa a ƙa'idojin karon ilastik irin waɗanda muka yi a sama, ya gano cewa abin da ke dukansu ƙwaya ce mai mas kusan daidai da na furoton. Haka aka gano niyutiron, kuma ya samu kyautar Nobel a 1935.

Ranar 26 ga Satumba 2022 hukumar NASA ta Amurka ta kara kumbonta mai suna DART da wani dutsen sararin samaniya, Dimorphos, da gangan, da gudun kimanin kilomita 6 a daƙiƙa, don a gwada ko za a iya karkatar da dutsen da ya nufo Duniya. Dimorphos yana kewaya wani babban dutse, Didymos, cikin awa 11 da minti 55, bayan karon ya koma awa 11 da minti 23. Turin da dutsen ya samu ya ninka momentom ɗin da kumbon ya zo da shi fiye da sau biyu, saboda tarkacen da karon ya watsa baya sun tafi da nasu momentom ta alkiblar kishiya, dutsen kuma ya karɓi daidai wannan ta gaba. Mai lissafin da ya bar tarkacen a wajen rukuninsa zai ga kamar jimillar ta ƙaru, in ya sa su ciki sai hagu da dama su daidaita.